Baki Na Bakwai A Bangon Paramarka

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya danne ta da duwatsu, ya ɗaga sama ba ginshiƙi ba azara, ya yanka wa ruwa hanya tun bai halicci mai ƙafa ba. Ku gyara zama, jama'a. Hadarin nan da ya haɗo daga gabas ba zai bar kowa ya kai gida a bushe ba, gara ku ba ni kunnuwanku har ya wuce. Kai Korau, tun bara kake bina da tsegumi, wai me ya sa duk bangon da na gina sai na bar masa ramuka a gindi kamar gidan gafiya, kuma ina na kai yatsu biyu na hannun dama. To, yau za ka ji. Amma ka katse ni ko sau ɗaya, na fasa.

Ni ne Anaruwa, don ana tsuga ruwa aka yanke mini cibiya, a gidan magina na Kwarin Rimi. Kakana magini, ubana magini, ni kuwa na shige su duka biyun, ba na kuma jin kunyar faɗa. Babu mai dama laso irina a ƙasar nan. Ga wanda bai sani ba, laso shi ne haɗin da muke shafe bango da shi don kada ruwa ya ci: katsin marina, da saiwar dafara, da gashin da majema ke kankarewa. In na shafa nawa ya kama, sare shi da gatari, gatarin ne zai ji jiki.

Na gina wa matata Ladingo ɗaki a jikin tudun bayan gidanmu, bangon baya ya jingina da tudun. A damina ta uku, tsakiyar marka, sai ta ce mini bango na zufa ta gindi. Na leƙa, na ga wata 'yar tsaga tana ɗigar da ruwa, har ta kafa ƙwarya a ƙarƙashi.

Ta ce, "Maigida, bar shi ya zuba. In ta cika sai in zubar, ai ba wani aiki ba ne."

Na ce, "A gidan magini? So kike a yi da ni a kasuwa?"

Na dama laso irin wanda ban taɓa yi wa kowa ba, na liƙe tsagar, ɗaki ya bushe ƙayau. Kwana uku bayan haka, da hantsi, ina can ina yi wa wani attajiri soro, bangon ya kwanta a kanta tana tankaɗe. Da hannuna na tono ta.

Na ce ruwa ne ya kashe ta. Na yi duk abin da magini zai yi, ruwa ya fi ƙarfin laka, shi ke nan. Na ƙulla gaba da damina, ni da sunana. In hadari ya taso sai in ji kamar in zage shi, Allah ya yafe mini. Na rantse ba zan ƙara ɗora tubali a kan tubali ba sai na gano bangon da ruwa ba ya kayarwa.

Wani tsohon bafatake, Tunau, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a jiragen ruwa, shi ya kunna mini wutar tafiya. Ya ce a bayan teku biyu akwai duwatsu masu huda gajimare, a kansu wasu mutanen da, ana kiransu Inka, sun gina birane. Sarautarsu ta shuɗe, ruwa na dukan ginin shekara da shekaru, bango ko gusawa bai yi ba.

Na ce, "Da wane laso?"

Ya ce, "Ba laso, ba laka."

Na ce, "Haba Baba, da girmanka?"

Ya ce, "Ƙafarka lafiya lau take. Je ka gani."

Na cika burgamina da katsi da busasshiyar dafara, don in na karɓi iliminsu in ba su nawa, kada a ce Bahaushe ya zo hannu rabbana. Na kama hanya.

Ba zan gajiyar da ku da labarin teku ba. Wata huɗu ina ɗura wa jirgi gawayi ina amai, har na sauka a ƙasar da komai nata a juye yake. Lokacin da muke rawar ɗari a nan, su suna tsakiyar damina, rana kuma ta arewa take ratsawa. Na yi wata biyar ina dako a wata kasuwa a gindin duwatsu, har na iya harshensu gwargwadon abin da zai sa in sayi abinci in yi gardama. A nan na haɗu da Waman, wani gajeren magidanci mai faɗin ƙirji, marar son magana. Yana da dabbobin kaya da suke kira lama. Raƙumi ne aka hana shi tozo, aka rage masa tsawo, aka ba shi gashin tunkiya da baƙar zuciya. Ranar da na fara shafa ɗaya, tofa mini yawu ta yi a ido.

Waman ya ce garinsu na ƙarƙashin wani kufai na mutanen Inka, sunansa Paramarka. Na yi dariya, na ce mu ma a wurinmu marka ruwa ne da ba ya ɗaukewa. Ya ce a nasu harshen Garin Ruwan Sama ke nan. Shi bai yi dariya ba.

Ya ce, "Ba a hawa yanzu, baƙo. Ni dole ce ta sa zan koma, uwata ta faɗi ta ji ciwo a ƙafa. Kai ka jira rani."

Na ce, "Bangon da zan gani da rani ai ko na gidanmu ya isa. A cikin ruwa nake son ganinsa."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya miƙo mini igiyar lama ɗaya.

Kwana shida muna hawa, kuma ban ga rana ba ko sau ɗaya. Iskar wurin ba ta ƙosar da huhu, ka shaƙa ka shaƙa kamar kana shan kunu da matankaɗi. Kaina ya riƙa sarawa, hancina ya yi jini. Waman ya ba ni wani ganye da suke taunawa kamar yadda muke cin goro, shi ya tsayar da ni a kan ƙafafuna. A rana ta uku muka iso wata gada ta igiyar ciyawa, an shimfiɗa ta a kan kwazazzabon da ba a ganin ƙasansa, sai dai a ji kogi na ruri a ciki. Ta jiƙe sharkaf, iska na lilo da ita. Ni da ke hawa soro ba tsani, na kasa taka ta. Da na ga za a bar ni a nan, na warware rawanina na ɗaure idona tam, na damƙi gashin lamar nan da ta tofa mini yawu, na ce mata, "Baiwar Allah, a yafe wa juna." Ita ta ja ni har muka ƙetare.

A rana ta biyar muka ratsa wani gangare da aka feɗe daga sama har ƙasa, jar laka tsirara, ba ciyawa ba itace. Lamomi suka yi cirko-cirko suna wani gurnani ƙasa-ƙasa. Na hangi bakin tukunya ya leƙo daga cikin lakar, can gaba kuma kan wata ƙofa.

Waman ya ce, "Gari ne. Gida talatin. Bara waccan, da rana tsaka, suna cin abinci."

Na ce, "Innalillahi! Me ya faru?"

Ya ce, "Mai kula da bakunansu ya mutu, ba wanda ya gaje shi. Dutse ya yi shiru. In dutse ya yi shiru, saukowa yake."

Na ce a raina, af, gumaka ne ke nan, masu bakin da ake ba abinci. Na yi ta'awizi na tofar, ban ƙara tambaya ba. Da na ƙara tambaya ɗaya tak, Korau, da yau yatsuna goma.

Da hantsin rana ta shida, muna tafe cikin hazo, ba ka ganin hannunka in ka miƙa shi, sai iska ta yaye gajimaren kamar an ɗaga labule. Jama'a, na ga abu! Birni ne zaune a kan ƙoƙuwar dutse, gajimare na yawo a ƙarƙashinsa. Ɗakuna ba rufi, ƙofofi masu faɗin gindi da tsukakken kai, matakala na hawa suna ɓacewa a cikin hazo. Gefen dutsen duk an yanka shi hawa-hawa, kowane hawa gona ce, kowace gona bangon dutse ya tallabe ta. Ruwa na dukan komai, komai baƙi wuluk yana ƙyalli. Na ruga wurin bango na farko ina haki. Duwatsu ne wasu sun fi ɗakin kwanana girma, an jera su ba laka ba laso, kowane ya rungumi ɗan'uwansa. Na zaro askata na nemi inda zan cusa bakinta a tsakaninsu, ban samu ba. Na zauna daɓas a cikin ruwa na yi kuka, don na san duk abin da na gina a rayuwata wasan ƙasa ne.

Ba mutum ko ɗaya a cikin kufan, amma ba shiru. Ko'ina ka juya sai ka ji ruwa na magana, nan ƙul-ƙul, can tsul-tsul, ƙarƙashin ƙafarka ma wani gunaguni.

Garin su Waman gida goma sha ɗaya ne na jinka, a can ƙasa, daidai gindin bangon ƙarshe, wanda ya fi kowane tsawo, ya kai tsayin mutum uku. Gidan uwarsa shi ne dab da bangon. Sunanta Sisa, tsohuwa 'yar firit, ido kamar na shaho, ƙafarta ta kumbura suntum. Ta ba ni dafaffen dankali da romo, ta lulluɓa mini bargon mijinta marigayi. Tun rasuwar Ladingo ba wanda ya lulluɓa mini komai. Na ce mata Inna, ta ce mini ɗana.

A wuyanta akwai wata doguwar igiyar gashi mai ƙulle-ƙulle, kullum tana jan ta kamar carbi. Na tambaye ta.

Ta ce, "Bakunan dutse ne. Arba'in da ɗaya. Uwata ta ba ni, ita ma uwarta ta ba ta. Kowace safiya sai na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Yau kwana tara ban je ba." Ta kama hannuna. "Ka yi yawonka, ɗana, ka taɓa abin da kake so. Abu ɗaya ne kawai. Kada ka rufe wa dutse baki."

Na ce to. Washegari na zaga kufan kaf ina neman gunki mai baki, ban ga ko fuska ɗaya ba. Na ce camfin tsofaffi ne, ko'ina akwai shi.

Waman ya sauka wani kwari neman mai magani, mutanen gari suna can gonakinsu na nesa, zazzaɓi kuma ya kwantar da Inna Sisa, ba ta san inda kanta yake ba. A daidai nan sama ta ɗauke na kwana biyu. Na bi gindin babban bangon nan ta bayan gidaje, cikin ciyayi, ina duba aiki. Nan na ga abin da ya tsinka mini zuciya. Ramuka ne a jikin bangon, kowane hannu zai shiga, ruwa na tsiyaya daga cikinsu.

Ku fahimce ni. Na san indararo, shi ke sauke ruwan soro. Na san rariya, ita ke fitar da ruwan tsakar gida. Amma ruwa ya fito daga cikin jikin bango? A sana'armu wannan bango ya gama, jiran ranarsa yake. Na ce wayyo, ashe duwatsu ne suka zube a nan tsawon zamani, ba mai gyarawa, ga tsohuwa kwance a ƙarƙashi. Na ga fuskar Ladingo ƙiri-ƙiri. Na ce wallahi ba za a yi biyu ba ina raye.

Na kwance burgamina. Na dama laso da gashin lama, ya yi kyau har ya fi na gida. Kowane rami sai in dunƙula dutse in tura can ciki, in cusa tsakuwa da gashi, in liƙe. Shida na yi a rana ta farko. Na bakwai yana bayan ɗakin Inna, ya fi sauran girma, ruwansa na fantsama a bangon ɗakin da take kwana, sanyin na shiga ƙafarta. Shi na yi wa aikin gwaninta. Na tura dutse iyakar tsawon hannuna, na cika, na shafe, na kwaɓa toka da garin dutse na ba shi launi, har na zana masa jijiyoyi irin na maƙwabtansa. Na ja da baya na duba, ni kaina sai da na ƙura ido. Na yi murna, jama'a. Na ce ga tukuicin bargo.

Ruwa ya dawo, kwana uku ba sassauci. Waman ya dawo da magani a cikin ruwan. Na ɓoye aikina, ina jiran Inna ta warke in kai ta ta gani da idonta.

Da safiyar rana ta huɗu ruwan ya koma yayyafi, zazzaɓin ya sake ta. Tana zaune tana kurɓar romo, sai na ga ta tsaya da cokali a hannu. Ta karkata kai kamar kaza.

Ta ce, "Waman. Ka ji?"

Ya ce, "Ban ji komai ba, Inna."

Ta ce, "Shi ne ai. Me ya sa dutse ya yi shiru?"

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canja irin ta Waman ba. Ya yi waje, na bi shi. Lamomi sun taru wuri ɗaya suna gurnanin nan da na ji a garin da laka ta binne. Ba kukan tsuntsu ko ɗaya. Na ɗaga kai na dubi bangon. Ya yi ciki. Tsakiyarsa ta turo waje kamar tulu, wata bishiya da ke gonar sama ta sunkuyo tana leƙen gidaje, jar laka na malalowa ta saman bangon ta shafe fuskarsa duka.

Na ce, "Ramukan nan na jikin bango, su ne bakuna?"

Ya juyo a hankali. "Me ka yi?"

Na ce, "Na gyara su. Na toshe bakwai."

Ya shaƙe ni da hannu ɗaya, ƙafafuna suka bar ƙasa. Wallahi da ya ƙarasa ni ban ga laifinsa ba. Muryar tsohuwa ce ta fito daga ɗaki kamar bulala: "Sake shi! Shi ya san inda ya sa hannu. Kashe shi daga baya."

Aka kwarara ihu, mata da yara da tsofaffi suka haye wani tudu a gefe, ba wanda ya tsaya ɗaukar ko tukunya. Ni da Waman muka ɗauki ƙarfen haƙa muka bi gindin bango, laka har gwiwa. Shidan nan ban ɓoye su ba, mun same su. Amma ku tuna laso na wane ne. Waman na sara, ƙarfe na tsalle, yana tsine mini, ni kuma a karon farko a rayuwata ina roƙon Allah ya sa aikina ya zama na banza. Muka fasa na farko, ruwa ya feso. Na biyu, na uku, har na shida. Bangon bai daina nishi ba. Nishi, Korau, irin na saniya mai naƙuda, daga can cikin ƙasa.

Waman ya ce, "Na bakwai fa?"

Na ce, "Bayan ɗakin Inna."

Ya ce, "Uwar bakuna ka rufe! Duk hanyoyin ruwan birnin nan a nan suke haɗuwa."

Muka zo bayan ɗakin, na tsaya kamar gunki. Taku arba'in na bango, duk dutse iri ɗaya, duk laka ta shafe. Na goge nan, na ƙwanƙwasa can, na fasa farce. Gwanintata ta ɓoye mini aikina. Tsakuwa ta fara zubo mana a ka.

Sai ga Inna Sisa ta rarrafo bakin ƙofa, ashe ta ƙi bin masu gudu. Waman ya ce zai kai ta tudu, ta ce, "Goya ni, sakarai, ka kai ni kusurwar gabas." Ya goya ta. Ta rufe ido, hannu ɗaya a kan igiyar wuyanta, ɗaya yana shafar bango. Tsakanin ƙulli da ƙulli, ashe, adadin duwatsun da ke tsakanin baki da baki ne. Tana goye a bayan ɗanta tana gaishe su da suna, bango na nishi a kanmu. Ta wuce na talatin da takwas, ta wuce na talatin da tara. Ta tsaya. Yatsanta na kan wani babban ƙulli, tafinta na kan dutse sumul.

Ta ce, "Nan. Ɗana, ka iya ƙarya da hannu."

Na ce su tafi. Waman ya ruga da ita, tana dukan kafaɗarsa tana cewa ya sauke ta. Na rage ni kaɗai. Na sari laso, na sara, na sara, har ya tsage. Na yaƙuto tsakuwa da gashi. Saura dutsen da na tura can ciki, ƙarfe ya kasa kama shi, sai zamewa yake. Na kwanta a cikin laka, na zura hannu har kafaɗa, kuncina manne da bango.

Na taɓa shi. Sanyi ƙalau, yana rawa a ƙarƙashin yatsuna, duk ruwan da ke cikin bangon yana tura shi daga baya, shi kuwa ya cije a inda na dasa shi. Kunnena na jikin bango, ina jin abin da ke ciki. Ruwa ne tsare, ya rasa ƙofa, yana neman ta da ƙarfi.

A nan, kwance cikin laka a ƙarshen duniya, na ji muryar Ladingo kamar tana bayana. Bar shi ya zuba. Na ga 'yar tsagar, na ga ƙwaryar, na ga tudun da ɗakinta ya jingina da shi ya sha ruwan marka ya ƙoshi. Na ga hannuna yana shafa laso. Kwana uku. Nan ma kwana uku. Shekara tara ina zagin sama, na ƙetare teku biyu ina neman wanda ya kashe mini mata, ashe tare muka shiga jirgi, da shi nake cin tuwo.

Na yi wata ƙara da ban san ina da ita ba. Na cusa yatsu biyu a gefen dutsen na murɗa shi. Bangon ya motsa, manyan duwatsun suka gusa suka datse, na ji ƙas. Sai ruwa ya fito. Ya ɗauke ni kamar tsumma ya maka ni da ɗakin Inna, ya rushe rumbun dankalinta, ya wuce da lama biyu zuwa kwazazzabo. Yini guda yana aman jar laka. Kafin la'asar, ina kwance a kan tudu ana ɗaure mini dungun yatsuna, muka ga cikin bangon yana sacewa a hankali, duwatsu na komawa mazauninsu ɗaya bayan ɗaya suna ƙara kamar ana tauna ƙashi. Gida goma sha ɗaya suna nan tsaye. Yatsuna biyu suna can cikin baki na arba'in har gobe.

Waman bai kashe ni ba, amma wata guda bai yi mini magana ba, kuma lamar da ta ƙetarar da ni gada tana cikin biyun da suka tafi. Na zauna har rani ina yi musu aiki da hannu ɗaya da rabi. Da ƙafar Inna ta warke ta kai ni wata gona da gefenta ya zube, ta nuna mini cikinta. Manyan duwatsu a ƙasa, tsakuwa a kansu, yashi a kan tsakuwa, sannan ƙasar noma, ga 'yan hanyoyin ruwa sun ratsa ko'ina. Abin da ke binne ya fi abin da ke tsaye yawa. Ni na zo kallon bango, ban san aikin yana ƙarƙashin ƙafata ba.

Ranar da zan sauko, na ga ta ɗauko jan zare tana ƙulla shi a ƙarshen igiyarta, kusa da ƙulli na arba'in da ɗaya.

Na ce, "Inna, an sami sabon baki ne?"

Ta ce, "A'a, wannan kai ne. Uwata ta koya mini abu uku ke toshe baki: ganye, da laka, da mushen dabba. Wadda za ta gaje ni za ta san akwai na huɗu. Baƙo mai son ya kyauta."

Ta bar mini bargon. Yana nan a ɗakina.

To Korau, ka ji inda ramukan suka fito. Ku yi ta dariya, ku ce Anaruwa na gina wa gafiya masauki, ba na jin haushi. Da na dawo na sake tayar da ɗakin Ladingo a inda yake, jikin tudun nan, na zuba tsakuwa a bayansa, na bar masa baki a gindi daidai inda tsagar take. Damina goma sha huɗu ke nan bai ko tsage ba. Ba kowa a ciki, ban kuma yarda kowa ya shiga ba.

Kun ji ya fara sauka a kan rufi. Ku zauna abinku har ya tsagaita, ni zan shiga ɗakin Ladingo. Matsa mini in wuce, miƙo mini ƙwaryar can da ke bayanka. Tata ce. In ta cika, ni nake zubarwa.